Gefen Dama Sai Bahago

Koci bai taɓa buga ƙwallon raga ba a rayuwarsa. Abin da ya mai da shi koci shi ne ragar tasa ce, ƙwallon ma tasa ce, kuma filin da ake wasan yana bayan sito ɗin da yake riƙe da makullinsa. Wata rana ya sayo usur ya rataya a wuya, tun daga nan babu wanda ya ƙara kiran sa da sunansa na gaskiya. Mutum ne mai tumbi da gajerun ƙafafu, in ya tsaya a gindin raga ko da tsalle ba zai taɓo bakinta ba, amma a bakin magana babu irin dukan da bai iya ba.

Tsinke shi ke riƙe da gefen dama na raga tun da aka kafa ƙungiyar. Dogo ne siriri, abin da ya jawo masa sunan ke nan. Da safe yana shagon gyaran kujeru yana yanka soso da buga ƙusa, da yamma ya wanke gam daga hannunsa ya zo fili. Gefen daman nan shi ne kaɗai wurin da ba a aiken sa, ba a ce masa yi sauri mai kujera na jira. In Guntu, mai ɗaga musu ƙwallo, ya cilla ta baya ba tare da ya waiwaya ba, ya san akwai mai kiɗe ta. Aibu ɗaya Koci ya samo wa Tsinke, ya kuma riƙe shi kamar gado: takun da yake yi kafin ya yi tsalle a juye yake. Kowa in zai doki ƙwallo da dama yakan ƙare taku da ƙafar hagu a gaba. Shi kuwa ƙafar dama ke shiga gaba, sai ya murɗa jiki a sama kafin hannun ya iso. Koci ya hura usur a kan wannan har usur ɗin ya dushe, ƙafar ba ta gyaru ba.

Ranar da abin ya fara, Koci ya iso fili yana riƙe da waya a sama kamar ya tsinto zinariya. Ya tara su a inuwar katanga, ya ce kowa ya zauna.

"Ku da kuke buga wasa da ƙarfin tuwo," ya ce, "yau za ku ji ilimi. Ƙwaƙwalwar mutum kashi biyu ce. Ɓangaren hagu shi ke juya hannun dama, ɓangaren dama shi ke juya hannun hagu. Kun gane? A gicciye suke."

"Kamar wayar fitilar shagonmu," in ji Guntu.

"Rufe mana baki. To, wani likita a nan cikin wayar ya yi bayani. Ɓangaren dama shi ke ganin fili, shi ke auna inda ƙwallo za ta faɗi. Saboda haka bahago kafin kai ka ga ƙwallo shi ya riga ya gama da ita. Kuma duk manyan ƙungiyoyin duniya, wa suke sa wa a gefen dama na raga? Bahago! Ƙwallo in ta taso daga mai ɗagawa, hannunsa na hagu ta fara tararwa, ba sai ta ƙetare masa jiki ba."

Wannan na ƙarshen gaskiya ne, Tsinke ya sani, don ya sha jiran ƙwallo ta wuce masa fuska kafin ya same ta. Amma bakinsa ya riga hankalinsa.

"Koci, likitan nan na waya, shi ma yana da raga da ƙwallo, ko usur kawai ya saya?"

Aka fashe da dariya. Koci bai yi ba. Ya mayar da wayar aljihu a hankali, ya ce ranar Asabar za su kara da ƙungiyar direbobin tanka, waɗanda suka lallasa su sau biyu a jere, kuma daga ranar nan gefen dama sai bahago. Ranar Alhamis zai gwada kowa. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta nuna hagu, wurin nasa ne.

"In babu bahago fa?" Tsinke ya tambaya.

"Akwai. Likitan ya ce da yawa suna nan ba su san kansu ba."

Washegari kuwa sai ga su sun san kansu. Mutanen da Tsinke ya yi shekaru yana ganin su suna soshe-soshe da hannun dama, yau kowa da hagu yake ɗaure takalmi, da hagu yake share gumi, yana leƙen Koci ko ya gani. Wanda ya fi kowa zaƙewa shi ne Turare, mai sayar da kayan waya a bakin titi, wanda ake jin ƙamshinsa kafin a hango shi. Ya daɗe a benci yana haɗiyar yawu a kan gefen daman nan. Ya mayar da agogonsa hannun dama, ya ce ai tun yana yaro yake jin wani abu a wannan hannun, kakarsa ta wajen uwa ma bahaguwa ce. Ya yi ta dukan ƙwallo da hagu a jikin katanga kamar mai korar kaji.

Tsinke ya tsaya yana kallon su, ransa na tafasa, don duk filin nan bahago ɗaya ne, kuma shi ne.

Babu wanda ya sani. Shi kansa yakan yi wata da watanni bai tuna ba. Gwaggo ce ta raine shi, yayar mahaifinsa, kuma ita ta ga yaro yana kai hannun hagu cikin kwano ta ce ba a gidanta ba. Ta sa masa safa a hannun ta ɗaure da zare a wuyan hannu, daga safe har yamma. In aka miƙo masa abu ya kai hagu, bayan ludayi ne ke sauka a kan yatsun. In babba ya ba shi abu, da dama zai karɓa, hagun ta tallafo gwiwar hannu, ya ɗan rusuna. Haka aka yi ta yi har hannun ya haƙura. Ya koyi rubutu da dama, rubutun kamar tafiyar kaza, malamai suka yi ta dukan sa a kai har ya bar musu makarantarsu. Ya koyi almakashi da dama, ya koyi ƙwallo da dama. Sai dai in shi kaɗai ne a shago ƙusa ta ƙi shiga, yakan tsinci gudumar a hannun hagu bai san lokacin da ta koma can ba. Ƙafafun kuwa Gwaggo ba ta sa musu safa ba.

Da yammar Laraba ya same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti, gilashinta a kan hanci.

"Gwaggo, wai da gaske ni bahago ne da?"

"Da," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ka gode wa Allah ka gode mini. Da na bar ka, da yanzu kana miƙa wa surukanka hannun wanke kashi."

"Ai yanzu an ce baiwa ce. An ce ƙwaƙwalwarsu ta fi kaifi."

"In ji wa?"

"Wani likita a waya."

"To ya je ya haifi nasa ya bar shi haka, mu ga gidan da za a ba shi abinci." Ta watsar da wata tsakuwa. "Kai da ka fi kowa kaifin ƙwaƙwalwa, ina ka kai? Miƙo mini murfin can."

Ya miƙa mata da dama, yana kallon hannun kamar na wani.

A daren ya yanke shawara. Ba zai roƙi Koci ba, ba zai tsaya a gaban su Turare yana ba da labarin safa ba. Duk irin gwajin da za a kawo, zai bar hagun ta yi aikinta, kowa ya gani da idonsa. Abin da aka haife shi da shi ne, ai ba sai ya yi ta maza ba.

Ranar Alhamis Koci ya zo da farar hula da wani sabon kwarjini. Ya jera su a bakin layi, ya ce ba ya son ganin dukan ƙwallo, don duka ana iya koyon sa a yi masa ƙarya. Likitan ya ce ƙwaƙwalwa ba ta ƙarya in aka shammace ta. Ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya yana jan su da hira, ya tambayi wannan jikin mahaifiyarsa, ya tambayi wancan kasuwa, sai kwatsam ya zaro makullin sito daga aljihu ya miƙa. Hannun da ka karɓa da shi, shi ne hukuncinka.

Na farko ya karɓa da dama, ya dafe kai. Na biyu ma haka. Duk masu ɗaure takalmi da hagu suka zube ɗaya bayan ɗaya, don ko wane ne a cikinsu akwai wadda ta raine shi, kuma Koci a haife ya haife su. Guntu ya karɓa da hannu biyu ya ce shi ƙwaƙwalwarsa a tsakiya take.

Aka zo kan Turare. Shi dama ko mahaifinsa ne ya miƙo masa abu, da hannun da ya fi kusa yake fizga, ɗayan na riƙe da waya. Ya tsaya ya sa dama a aljihu, ya fizge makullin da hagu tun Koci bai gama zaro shi ba.

"Kun gani?" Koci ya juya yana duban su. "Kun ga sauri? Wannan ba tarbiyya ba ce, ƙwaƙwalwa ce."

"Wallahi ba tarbiyya ba ce," in ji Guntu.

Tsinke ne na ƙarshe. Ya ga gwajin tun daga kan na farko, babu wani shammata da ya rage. Ya saki hannun hagu a gefensa, ya ɗan buɗe yatsun, yana ce wa kansa hagu, hagu, hagu. Koci ya tsaya a gabansa, furfura a gemunsa, ya ce, "Ya jikin Gwaggonka? Ƙafar ta yi sauƙi?"

"Da sauƙi, Koci."

"Ka gaishe ta. Ungo."

Tsinke ya ga hannunsa na dama ya fita. Ya ga hagun ta bi ta tallafo gwiwar hannun, ya ji gwiwoyinsa sun ɗan lanƙwashe. Makullin ya kwanta a tafin damansa, da ɗuminsa na aljihun Koci.

"Dama tsantsa," in ji Koci. "Har da rusunawa. Turare, gefen dama naka ne."

"Ni bahago ne," Tsinke ya ce.

Muryar ta fita da ƙarfi fiye da yadda ya so. Aka kwashe da dariya har da masu buga cinya.

"Yau kuma?" in ji Turare. "Shekaranjiya ka ce likita usur ya saya, yau kai ne majinyacinsa?"

"Da hagu aka haife ni. Ɗaure mini ita aka yi."

"Ni ma da gashi aka haife ni," in ji Koci, ya ɗaga hula ya nuna sanƙo. Aka ƙara wata dariyar.

Guntu ne ya ɗauki ƙwallo ya buga ta a ƙasa. "Koci, ba shi ɗaya mana. In ƙarya yake yi ai raga za ta faɗa."

Koci ya ɗaga kafaɗa, ya koma gefe ya harɗe hannu a kan tumbi.

Tsinke ya ja baya zuwa inda ya saba tsayawa. Aka cillo wa Guntu ƙwallo, ya ɗaga ta baya, mai tsayi, mai laushi, irin wadda yake ajiye wa Tsinke kaɗai. Tsinke ya taka. Karo na farko a rayuwarsa ƙafa da kafaɗa suka yi magana ɗaya. Babu murɗawa, babu jiran ƙwallo ta ƙetare fuska. Ƙasa ta sake shi kamar ta gaji da riƙon sa, ya tashi har ya ga saman ragar a ƙasan haɓarsa, ya ga filin can gaba ɗaya a shimfiɗe, ya ga gurbin da zai ajiye ta. Ya ji wani ya ce "Kai!" a bayansa.

Sai hannun hagun ya iso. Hannun da bai taɓa dukan ƙwallo ba, wanda iyakar aikinsa riƙe soso a yanka da tallafar gwiwar ɗan'uwansa. Ya zo a makare, yatsu a sake, ya shafi ƙwallon da gefen ɗan ƙaramin yatsa. Ta yi gefe tana juyi, ta haye katangar sito, ta faɗa kan rufin kwano da ƙara, ta gangara can baya inda ake zubar da tsofaffin tayoyi.

"To," in ji Koci. "Raga ta faɗa. Je ka ɗauko mini ƙwallona."

"Koci, ka ga tsallen kuwa?" Guntu ya ce. "Ka ga ƙafar? Ka ba shi wata ɗaya kawai ya..."

"Asabar jibi ce. Kuma ni ba tsalle nake nema ba, ƙwaƙwalwa nake nema. In tsalle ne ai akuya ta fi shi."

Tsinke ya zagaya bayan sito ya ɗauko ƙwallon daga cikin tayoyi, ɗan yatsan na zafi.

Ranar Asabar fili ya cika. Direbobin tanka suka zo da motarsu da magoya bayansu, manyan mutane masu wuya kamar turmi. Rigunan ƙungiya masu lamba ba su wuce na masu shiga fili ba, saboda haka Koci ya ce Tsinke ya ara wa Turare tasa. Ya cire ya ba shi, ya zauna a benci da singileti, tsakanin jarkar ruwa da jakar Koci.

Zagayen farko abin kunya ne, kuma Tsinke ya ji daɗinsa har cikin ƙashi. Turare ya kai hagu ya doki iska. Ya sake kaiwa ya doki raga. Ta uku ya same ta, ta tafi a hankali kamar an aike ta, wani direba ya tare ta da hannu ɗaya yana dariya. Magoya bayansu suka fara kiran sa amarya. Tsinke ya gyara ɗaurin takalminsa, ya miƙe ya ɗan motsa kafaɗa inda Koci zai gan shi. Koci bai waiwayo ba, yana ta ihu, "Bar ta ta zo! Ƙwaƙwalwar tana ɗumi ne!"

A zagaye na biyu Turare ya gaji da zama amarya. Guntu ya ɗaga masa wata, ya manta da kakarsa ta wajen uwa, ya kiɗe ta da dama da duk haushin da ke cikinsa. Ta sauka a tsakiyar direbobin kamar an jefo bulo. Su kuwa tun farko Koci ya cika musu kunne cewa ya kawo bahago, duk masu tarewarsu sun karkata suna jiran hagu. Ya sake yi, suka sake karkata. Kafin su farga ya ci su biyar a jere, kuma mutumin da ya ci biyar a jere ko da gwiwar hannu ya doka shiga take yi.

Tsinke ya matsa kusa da Koci. "Koci, da dama fa yake duka."

"Na gani."

"To ai ka ce..."

"Likitan ya yi maganar irinsu. Akwai waɗanda ɓangarorin biyu duka a buɗe suke. Su ne ƙarshe, a dubu da ƙyar ka sami ɗaya." Ya hura usur duk da ba shi ne alƙalin wasa ba. "Ni na gano shi. Zauna, kana tare mini."

Suka ci zagaye na biyu, suka ci na uku. Direbobin tanka suka hau motarsu ba sallama. Aka ɗaga Koci sama, mutum huɗu suna nishi a ƙarƙashinsa, yana ta taɓa ƙoƙon kansa da yatsa yana cewa, "Nan ne! Wasan duk a nan yake!" Waɗanda suka faɗi gwajin makulli suka kewaye Turare suna taɓa masa hannu, wannan ya taɓa dama, wancan ya taɓa hagu, ana gardamar wanne ya fi albarka.

Tsinke ya jira har hayaniyar ta lafa, ya je ya tsaya a gaban Turare ya ce ya ba shi rigarsa.

"Bar masa," in ji Koci daga inda yake naɗe raga. "Ba a canja abin da ya ci wasa. Kai ka riƙa zuwa dai, ana buƙatar mai tsayi wajen ɗaura raga."

Guntu ya dubi Tsinke, ya kawar da kai.

Turare ya ja wuyan rigar ya shinshina, ya yamutsa fuska. "Tsinke, don Allah da wane sabulu kake wanke ta? Duk warin gam take yi."

"Ba ya fita," Tsinke ya ce. Ya ɗauki takalminsa ya bi ta ƙofar sito da singileti.